Garaya a Hannun Mai Furfura

Jama'a, in aka ce ga wani magidanci can, mai 'ya'ya har da jikoki, ya sayi garaya ya zauna a zaure yana koyo, mun san abin da za a faɗa. Wasu za su ce ya taɓu, wasu su ce iskoki ne suka kira shi, masu sauƙin baki kuwa su ce zai zubar da girman gidansu. To, wannan kallo yana da asali, kuma mu da ke zaune a Betso da kewayen Mubi ya fi kamata mu san shi, don ya fi shafarmu a kan 'yan'uwanmu na Kano ko Katsina.

A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma kusan kowace sana'a da makaɗanta. Garaya mai tsirkiya biyu ta maharba ce tun fil azal, da ita ake kirarin wanda ya ka da ɓauna, daga baya 'yan bori suka riƙe ta ana haɗa ta da gora. Molo tsirkiyarsa uku, jikinsa itace ne da aka fafe kamar ɗan kwalekwale. Gurmi kuwa ƙwarya ce aka rufe da fatar guza ko damo. Yaro yana tashi yana kaɗa wa ubansa gora, yana amshi, kafin ya isa aure hannunsa ya faɗa. Ba wanda ke zaunar da shi a ce yau za a koya masa. Da malaman jihadin 1804 suka soki kiɗan tsirkiya saboda bori da cuɗanyar maza da mata, sai tambari da algaita suka ci gaba da zamansu a fada, garaya da goge aka tura su bayan gari. Kunyar da muke ji yau daga can ta samo tushe.

Mu kuma kakanninmu ba kiɗa ya kawo su Adamawa ba. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809, fatake da mahauta da 'yan koli da malamai ne suka riƙa biyo hanya, daga baya dillalan shanu. Makaɗi galibi baƙo ne, ya zo da kaka ko lokacin biki, ya samu abin da ya samu ya koma. Saboda haka gidajen gado ba su yi yawa a zango ba. Ko Ɗanmaraya Jos, wato Alhaji Adamu Wayya, ɗan zango ne irinmu, an haife shi a Bukuru a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, amma ya rasu yana jariri, bai koyi komai a hannunsa ba. A Maiduguri ya ga masu kuntigi, ya haɗa nasa, har ya zama duk inda aka ambaci wannan ɗan gwangwani mai tsirkiya ɗaya shi ake tunawa. Allah Ya jiƙansa, ya rasu a 2015.

Amma shi yana yaro ya fara. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne Malam Maman Barka na Jamhuriyar Nijar. Malamin makaranta ne, Batube daga Tesker, ya riga ya yi suna da gurmi yana waƙa har da Hausa. A 2002, ya haura shekara arba'in, ya samu tallafin UNESCO ya tafi Tafkin Chadi wajen Buduma masunta, ya durƙusa gaban wani tsoho mai suna Bukar Tar. Wannan tsoho shi ne gwani na ƙarshe da ya rage a kiɗan biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ku duba fa, mutum mai sunansa da iyalinsa ya koma almajiri! Bukar Tar ya koya masa, ya ba shi biram ɗinsa, bai daɗe ba ya rasu. Barka ya kai kiɗan har Turai, aka fitar da faifansa a Ingila a 2009, shi ma ya rasu a Yamai a 2018. Da ya jira sai ɗan gado ya fito, da ba mu taɓa jin sautin ba.

Turawa ma sun yi irin wannan rashi. Molonsu na da, wanda sunansa ya samo asali daga al'ud na Larabawa, ya mutu murus wajen ƙarshen ƙarni na 18. Sai a 1893 wani Arnold Dolmetsch ya sassaƙa sabo a London, a 1956 kuma aka kafa ƙungiyar masu sha'awarsa a Ingila, da yawansu manyan mutane ne masu aikin yi da ke koyo bayan an tashi aiki. Sai dai su sun ci sa'a guda: magabatansu sun rubuta inda kowane yatsa zai danna, littattafan suka kwana shekara ɗari suna jira. Namu ba a takarda yake ba. Taken maharba da yadda ake ɗaure tsirkiya a yatsun tsofaffi suke, sai ɗan abin da kaset ya kama na irin su Haruna Uji na Haɗeja.

Mu nan mun ga yadda abu ke ɓata a dare ɗaya. Da Boko Haram suka shiga Mubi a ƙarshen Oktoba 2014, kowa ta kansa ya yi, wasu Yola, wasu Kamaru, ba wanda ya tsaya ɗaukar garaya, kuma ba duk tsofaffin da suka fita ne suka dawo ba. Samarinmu kuwa fiyano da situdiyo suka sani.

Wanda zai fara da girma ya san yatsu sun yi tauri, kuma abin da ɗan gado ya sha da nono shi sai ya tambaya. Amma yana da abin da yaro ba shi da shi: ya ji kiɗan a dandali da kunnensa, ya san ma'anar kirarin, yana da kuɗin goron da zai kai wa tsoho, ga waya a aljihu da za ta naɗi kowane take kafin ya koma gida ya gwada.