Tarihin Awon Tutiyar da Ke Kare Ƙarfe

Awon lulluɓin tutiya bincike ne da ake yi don sanin yawan tutiyar da aka shafa wa ƙarfe domin ta kare shi daga tsatsa. Ana faɗin sakamakon ko dai da nauyi, wato giram nawa ke kan kowace murabba'in mita, ko da kauri, a ma'aunin maikuromita, wanda yake kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Lissafi guda ne ya haɗa su: kaurin maikuromita ɗaya yana daidai da kimanin giram 7.1 a murabba'in mita. Lulluɓin da ake ɗauka mai kauri a kan turakun gini, maikuromita 85, bai kai kaurin takardar rubutu ba. Na kwanon rufi kuwa yawanci bai kai rubu'in wannan ba.

Abin da ya sa aka shafe fiye da shekara ɗari da hamsin ana ta fama da wannan awo shi ne, ido ba ya raba mai kauri da mai shara-shara. Duk ƙyalli ɗaya suke yi ranar da suka fito daga masana'anta. Tutiya kuma ta fi ƙarfe tsada, saboda haka mai ƙera kaya yana da ribar ragewa, mai saye kuwa ba zai gane ba sai bayan damuna da yawa sun wuce.

Asalin shafa tutiya

A shekarar 1742 wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Faransa, Paul Jacques Malouin, ya bayyana wa Majalisar Masana Kimiyya ta birnin Faris cewa idan aka tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, tana manne masa. Abin bai zama sana'a ba sai bayan kusan ƙarni guda. A 1837 Stanislas Sorel ya yi rajistar dabararsa a Faransa: a wanke ƙarfen da asid, a shirya fuskarsa, sannan a tsoma. A shekarar nan aka yi rajistar irinta a Ingila, kuma zuwa 1850 masana'antun Birtaniya suna cin kimanin tan 10,000 na tutiya a shekara don wannan aiki. Tutiya tana narkewa a digiri 419.5 na ma'aunin Salshiyas, ana kuma riƙe kaskon tsomawa a wajen digiri 450.

Kariyar iri biyu ce. Ta farko shinge ce tsakanin ƙarfe da ruwa da iska. Ta biyu ita ce ta fi ban sha'awa: in aka karce lulluɓin har ƙarfe ya bayyana, tutiyar da ke kewaye ce za ta ci gaba da lalacewa a madadinsa. Humphry Davy ya nuna wannan ƙa'ida a 1824, lokacin da ya liƙa guntayen tutiya da na ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ke lulluɓe gindin jiragen ruwan yaƙin Birtaniya. Ke nan tutiya abu ce mai ƙarewa. Kullum ana cinta kaɗan-kaɗan, ranar da ta ƙare kuma ranar tsatsa ke kama aiki. Daga nan tambayar "nawa ce?" ta samo nauyinta.

Ƙidayar tsomi

Masu wayar tangaraho ne suka fara matsawa. Suna sayen waya mai tsawon dubban mil, su rataye ta a kan turaku cikin ruwan sama da hayaƙin kwal, kuma wuri ɗaya in ya tsinke saƙo ya tsaya. Gwajin da ya yaɗu a tsakaninsu shi ne wanda ake kira da sunan William Henry Preece, injiniyan Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya, wanda ya zama babban injiniyanta a 1892.

Yadda ake yi da sauƙi. Ana jiƙa kofa salfet, gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi, zuwa wani ƙarfi da aka ƙayyade, a riƙe ruwan a digiri 18. A tsoma wayar minti ɗaya cur, a fitar, a wanke, a goge, a sake tsomawa. Kowane tsomi yana cin wani ɓangare na tutiyar, yana barin garin jan ƙarfe mai duhu wanda ke gogewa. Da zarar tutiya ta ƙare a wani wuri, sai jan ƙarfe mai haske ya manne wa ainihin ƙarfen, ya ƙi gogewa. Sai a ƙidaya tsomi nawa wayar ta jure. Takardun kwangila da yawa sun tsaya a kan tsomi huɗu.

Gwajin ya samu karɓuwa domin ba ya buƙatar komai sai kwalba da agogo da tsumma. Amma mutane sun ɗora masa abin da ba aikinsa ba, suna ɗaukar yawan tsomi a matsayin yawan tutiya. Ba haka ba ne. Lulluɓin da aka yi ta tsomawa ba tutiya zalla ba ne daga sama har ƙasa. Kusa da ƙarfe akwai hawa-hawa na gaurayen tutiya da ƙarfe, tutiya zalla kuma tana sama. Ruwan shuɗin ba ya cin waɗannan hawa da sauri ɗaya, don haka waya biyu masu tutiya daidai da juna za su iya ba da ƙidaya daban. Ga kuma jan ƙarfen da kan manne tun tutiya ba ta ƙare ba, ya ruɗi mai gwaji. Masu bincike a Hukumar Ma'aunai ta Amurka sun bi diddigin waɗannan matsaloli a rahoton da suka fitar a 1934. Gwajin bai mutu ba. An dai mayar da shi matsayin da ya dace da shi, wato gano wurin da lulluɓi ya fi siranta, kuma da wannan manufa ƙa'idar Amurka ta ASTM A239 ta adana shi.

Sikeli

Hanyar da ta raba gardama ita ce ta awon nauyi: a auna guntun, a narkar da tutiyar, a sake aunawa. Bambancin shi ne tutiyar. A faɗe abu ne mai sauƙi, amma akwai cikas guda. Asid ɗin da ke cin tutiya ba ya tsayawa in ya iso ƙarfe, kuma duk abin da ya ci na ƙarfen zai shiga lissafi a matsayin tutiya.

An gwada dabaru daban-daban a farkon ƙarni na 20, har da ruwan gishirin dalma, wanda ke cire tutiya ya bar ƙarfe. Wadda ta yi nasara ita ce ta J. A. Aupperle, masanin sinadarai a kamfanin American Rolling Mill da ke jihar Ohayo, a shekarun 1910. Ya zuba gishirin antimoni kaɗan a cikin asid ɗin haidurokulorik. Antimonin yana kwanciya a fuskar ƙarfe da zarar ta bayyana, ya hana asid ci gaba. Mai gwaji yana ganin abin da idonsa: ruwan ya yi ta tafasa da kumfar haidurojin, sai kuma ya lafa. Lafawar ita ce alamar an gama. Illar antimoni ita ce yana iya fitar da iska mai guba, shi ya sa ƙa'idar ISO 1460 ta zamani take amfani da wani sinadarin hanawa, hekzamin, kuma ko da shi ba a yin aikin sai inda iska ke fita.

Akwai wata hikima a ƙa'idar Amurka ta ASTM A90 da ta cancanci a tsaya a kanta. A can ana faɗin nauyin lulluɓi da oza a murabba'in ƙafa, sikelin ɗakin gwaji kuwa giram yake bayarwa. Sai aka zaɓi a yanko guntu mai inci 2.25 a kowane gefe. A wannan girman, adadin giram ɗin da guntun ya rasa shi ne adadin oza a murabba'in ƙafa, ba sai an yi wani lissafi ba. Wanda ya tsara wannan ya san ma'aikacin da zai yi gwajin sau da yawa a rana, a gajiye, kuma ya rage masa hanyar kuskure. Ana yanko guntu uku daga faɗin fallen, ɗaya a tsakiya, biyu kusa da gefuna, domin tutiya ba ta kwanciya daidai ko'ina.

Wannan gwaji ne ɗaliban kimiyyar sinadarai ke maimaitawa a makarantu da yawa. A ɗauki guntun kwano mai santimita 5 a kowane gefe, daga ajin da ake kira Z275. Bayan asid zai rasa kusan giram 0.69. In aka raba da faɗin guntun, murabba'in mita 0.0025, za a samu kusan 275. In aka raba biyu saboda fuska biyu, aka kuma raba da 7.1, kaurin kowace fuska zai fito wajen maikuromita 19. Wasu kan tara iskar da ke fita maimakon su auna nauyi, tun da giram 65.4 na tutiya yana ba da kimanin lita 24 na haidurojin a zafin ɗaki. Guntun nan zai ba da kusan rubu'in lita. Inda ɗalibi ke yawan tuntuɓe shi ne manta fuska ta biyu, ko auna guntun bai gama bushewa ba.

Gwaje-gwajen fili ne suka ba sikeli ƙarfinsa. Daga shekarun 1920 ƙungiyar ASTM ta jera fallaye da wayoyi a wurare daban-daban na Amurka, daga unguwannin masana'antu na Pittsburgh zuwa bakin teku a Key West, aka bar su shekara da shekaru ana dubawa. Abin da ya fito shi ne, a wuri guda, tsawon ran lulluɓi yana bin yawan tutiyar kusan kai tsaye: ninka tutiya, ka kusan ninka shekaru. Muhalli ne ke sa saurin ci. Ƙa'idar ISO 9223 ta yau ta ce a busasshiyar karkara mai tsabtar iska ana cin ƙasa da maikuromita 0.7 a shekara, a bakin teku ko inda hayaƙin masana'antu ya yi yawa kuwa yana iya wuce 4.

Awo ba tare da ɓata kaya ba

Sikeli yana da illa guda: sai an yanka kayan. Ba wanda zai yanki turken wutar lantarki da aka gama don a auna shi. Mafita ta zo daga maganaɗisu. Ƙarfe yana jan maganaɗisu, tutiya ba ta ja, saboda haka gwargwadon kaurin da ke tsakaninsu, gwargwadon raunin jan. Abner Brenner na Hukumar Ma'aunai ta Amurka ya wallafa wannan hanya a 1937 da 1938, da na'urar da ke auna ƙarfin da ake buƙata kafin a ɓamɓare ɗan maganaɗisu daga fuskar ƙarfe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni irin su Elcometer a Manchester da Helmut Fischer a Jamus suka mayar da ita ƙaramar na'urar hannu. Karatu ɗaya ba ya isa. Kaushin fuska, lanƙwasa da kusancin gefe duk suna karkatar da lamba, dole a ɗauki da yawa a fitar da matsakaici.

A manyan masana'antu labarin ya bi wata hanyar. Tadeusz Sendzimir, injiniya ɗan Foland, ya ƙirƙiro a shekarun 1930 layin da doguwar falle ke ratsa kaskon tutiya ba tsayawa. Daga baya aka ƙara bututun iska masu share rarar tutiya yayin da fallen ke fitowa. A irin wannan gudu jiran sakamakon ɗakin gwaji asara ce, don haka aka kafa na'urorin hasken eksire a kan layin: hasken yana bugun tutiya, ita kuma ta mayar da nata haske na musamman, wanda ƙarfinsa ke nuna yawanta, na'urar kuma ta daidaita iskar nan take.

Ɗakin gwaji ma bai tsaya ba. Ana yanka guntu a goge gefensa a duba hawa-hawan a madubin ƙara girma, bisa tafarkin da Henry Clifton Sorby ya buɗe a Sheffield a 1863. Ana narkar da lulluɓi da wutar lantarki a ƙidaya wutar da aka kashe, bisa dokokin Faraday. Ana kuma auna tutiyar da ke cikin ruwan asid ɗin kanta, da sinadarin EDTA ko da na'urar shan haske da Alan Walsh ya gabatar a Ostareliya a 1955. Wannan ya zama dole tun da aka fara gauraya tutiya da alminiyam da maganiziyam, inda nauyi kaɗai ba ya faɗin abin da ke ciki. Duk da haka, ƙa'idar ISO 1461, wadda ta nemi matsakaicin maikuromita 85 a kan ƙarfen da kaurinsa ya wuce milimita 6, ta ce in gardama ta taso tsakanin mai saye da mai sayarwa, awon nauyi ne alƙali.

Kwanon rufi

A Nijeriya da Nijar inda mutum ya fi haɗuwa da wannan batu shi ne kwanon rufi, sai bokiti, bututun ruwa da wayar shinge. Sa ido kan ingancin irin waɗannan kaya a Nijeriya yana hannun hukumar SON, wadda aka kafa a 1971. A kasuwa kuwa cinikin bandir yakan tsaya ne a kan kaurin fallen, a lanƙwasa shi da hannu a ji ƙarfinsa. Wannan kaurin na ƙarfe ne. Falle mai kauri zai iya ɗaukar tutiya kaɗan, ya riga siririn yin ja. Lambar da ke magana a kan tsatsa ita ce wadda ke bin harafin Z, kuma jimillar fuska biyu ce: Z275 na nufin kusan giram 138 a fuskar da ke kallon sama, Z100 kuma giram 50, wato maikuromita 7. A busasshiyar iskar Kano ko Damagaram wannan bakwai ɗin za ta daɗe fiye da yadda za ta yi a Legas ko Fatakwal, inda laima da gishirin teku ke cinta da sauri.