Filinge, babban birnin ƙasar Kurfai

Filinge gari ne a jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, kan hanyar ƙasa mai lamba 25 wadda ta bi ta Baleyara. Shi ne mazaunin gundumar Filinge kuma cibiyar ƙasar Kurfai, inda Hausa ta fi rinjaye a cikin jihar da galibin mutanenta Zabarmawa da Sonrai ne.

Garin na zaune cikin Dallol Boso, tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun dubban shekaru, wanda ya gangaro daga Azawak har ya kai kogin Kwara. Duwatsu ne suka yi masa katanga gefe da gefe. Ruwan sama kaɗan ne a nan, damina kuma gajeruwa, amma a cikin kwarin ba a haƙa da nisa kafin a tarar da ruwa. Wannan ne ya tara Kurfayawa manoman hatsi da wake, da Abzinawan Imanan, da Zabarmawan Tondikandiya, da Fulani makiyaya, kuma shi ne ya sha haɗa su faɗa a ƙarni na 19. A arewa da garin akwai Tukunus, gidan kiwo na gwamnati da ke renon shanun Azawak tun zamanin Turawa.

Kafin zuwan Faransawa, Kurfai ba ta da sarki guda mai iko da kowa irin na Katsina ko Gobir. Kowane gari da manyansa da mayaƙansa. Faransawa, da suke neman wanda zai tara musu haraji da 'yan aikin tilas, suka ɗora Gado Namalaya bisa dukan ƙasar. Talakawa ba su karɓi abin hannu biyu ba.

Wajen 1925 wata mata mai suna Shibo, daga garin Shikal, ta fito da wani sabon salon bori da ake kira Hauka. Iskokin ba na daji ba ne: gwamna ne, da komandan, da soja. Mabiyanta kan kwaikwayi faretin bariki, suna ƙin bin umarnin sarki. Komandan Crocicchia ya sa aka kama su aka tsare a Yamai, sai ga shi an mayar da shi kansa ɗaya daga cikin iskokin. 'Yan ci-rani suka kai Hauka har Gwalkwas, Gana ta yau, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les maîtres fous kusa da Akra. Da yawa daga waɗanda suka kalli fim ɗin a jami'o'in Turai ba su san daga Kurfai abin ya taso ba.

Gidan Mayaƙi na Filinge ya ba Nijar Adamu Mayaƙi, ministan harkokin waje a zamanin Diori Hamani, da ɗansa Ibrahim Hasan Mayaƙi, firaminista daga 1997 zuwa 2000. Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa rasuwarsa a 1987, ɗan Fandu ne a Tondikandiya.

Ta fuskar mulki, gundumar ta ragu a 2011 da aka yanke Abala da Baleyara suka zama gundumomi masu cin gashin kansu. Abin da ya saura ƙananan hukumomi huɗu ne: Filinge, Kurfai ta Tsakiya, Imanan da Tondikandiya, masu mutane fiye da 300,000 a ƙidayar 2012. Tun watan Afrilun 2024 da hukumomin soja suka rusa majalisun da aka zaɓa, kantomomi ne ke riƙe da su, sarakunan gargajiya kuma na ci gaba da sasanta rigingimun gona da na burtali. Hare-haren 'yan bindiga daga wajen iyakar Mali sun taɓa arewacin yankin, sun rage zirga-zirgar kasuwanni, sun kuma kori mutanen wasu ƙauyuka zuwa cikin gari.