Juyen man mota a gida: irin man da za a saya, filtir da kayan aiki

Da yawa daga cikinmu da ke ƙauyukan Maraɗi, Damagaram da Tawa, tsakaninmu da garajin kirki tafiya ce mai nisa. Shi ya sa masu mota ke yin juye, wanda muka fi sani da bidanj, a ƙofar gida. Aikin kansa bai cin awa guda. Inda aka fi yin ɓarna wajen sayayya ne: man da bai dace ba, filtir na jabu, ko kilen da ya cinye kan bushon. Kuɗin da aka rage a nan, shi ake biya ninki-ninki ranar da inji ya buga.

Kafin a tafi kasuwa

A rubuta sunan motar, shekararta, da irin injinta, na esans ne ko na gazwal. A haɗa da lambar shasi da ke jikin kart giriz, wadda a yawancin motoci haruffa da lambobi 17 ce. Motocin da suka shigo mana ta Kwatano da Lome sun riga sun yi aiki, wasu ma an sake musu inji, don haka takarda kaɗai ba ta isa. A ɗauki hoton filtir ɗin da ke jikin motar da waya, yadda lambarsa za ta fito sosai.

Man inji

A jikin kowane bido akwai lamba irin 15W-40 ko 20W-50. Ta farko tana nuna yadda man ke gudu lokacin da inji ke da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa bayan inji ya ɗau zafi. A ƙasarmu, inda zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, Starlet da tsohuwar Hiace sun fi zama lafiya da 20W-50 ko 15W-40. Motocin gazwal irin Hilux galibi 15W-40 ake zuba musu. Amma sababbin injuna da aka ƙera don 5W-30 ko 0W-20 hanyoyin mansu ƙanana ne. In aka ɗura musu mai kauri da sunan wai ƙasarmu da zafi, man zai yi jinkirin isa saman inji da safe, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Abin da littafin motar ko murfin zuba mai ya ce, shi ne gaba da maganar kowa.

A duba kuma haruffan API. Waɗanda suka fara da S, kamar SL ko SN, na esans ne. Masu farawa da C, kamar CF ko CI-4, na gazwal ne. Wani man yana ɗauke da duka biyun.

Ƙaramar Corolla tana shan lita 3 zuwa 4, Hilux ta gazwal kuwa kusan lita 7. A sayi wanda zai isa har a samu ragowar ciko.

Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ba wanda ya san asalinsa. Akwai masu tace tsohon mai su mayar cikin bidon kamfani. A sayi wanda murfinsa ke liƙe, rubutunsa bai goge ba, a tashar mai ko shagon da aka san mai shi.

Filtir da jwan

Filtir biyu na iya kama da juna a ido, amma zarensu ko faɗin robarsu ya bambanta. Lamba ake bi, ba kama ba. Na Toyota masu gwangwani, alal misali, lambarsu kan fara da 90915. A cikin filtir na ƙwarai akwai takarda mai ninki da yawa, da bawul da ke hana mai sulalewa in an kashe mota. Na jabu kan zo da takarda kaɗan, ya yi sakayau a hannu. Wasu sababbin motoci takardar ciki kawai ake sakewa, tare da zoben robar da ke zuwa cikin kwalin.

Kada a manta da jwan, ɗan zoben tagulla ko alminiyam da ke matse bushon. Kuɗinsa kaɗan ne, amma tsohon da ya riga ya baje shi ke sa mota ɗigar mai. A sake shi duk juye.

Kayan aiki

- Kile mai zobe daidai da kan bushon. Yawancin Toyota lamba 14 ce. Renault da tsofaffin Peugeot da dama kuwa kile mai kusurwa huɗu na milimita 8 suke so. Filaya da kilen da ake buɗawa a rage suna cinye kan bushon.
- Kilen filtir, mai sarƙa, mai ɗamara ko mai kamar hula. Na kwancewa ne kawai.
- Daro mai faɗi da ya fi man motar yawa, mazurari mai tsabta, tsumma da safar hannu.
- Kirik, ƙafafun ƙarfe na tokare mota, da katako mai kauri.

Maganar kirik maganar rai ce. Kirik na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, kuma a kan rairayi nutsewa yake. A nemi wuri mai tauri da ke daidai, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe kafin kowa ya shiga ƙarƙashi. Bulon siminti da tubalin ƙasa suna fashewa ba sallama. Manyan motoci irin Hilux ma sau da yawa ba sai an ɗaga su ba.

Wajen ɗaurawa

A bar inji ya ɗan yi ɗumi, ba zafin ƙuna ba. A tabbata robar tsohon filtir ba ta manne a jikin inji ba. A shafa wa robar sabon ɗan mai, a murɗa da hannu har ta taɓa, sannan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Shi ma bushon da hannu ake fara shi. Ƙarfin tsiya na lalata zaren tukunyar mai, gyaransa kuma ya fi kuɗin juyen nesa ba kusa ba. Bayan an zuba mai, a tada mota minti biyu, a ga fitilar mai ta mutu, a kashe, a jira kaɗan, a duba tsinken awo. Man ya tsaya tsakanin alamu biyu.

Da irin ƙurar hanyoyinmu, kada a wuce kilomita 5.000 ko wata 6. A rubuta kwanan wata da kilomita a ajiye cikin mota.

Tsohon mai

A zuba shi a bido a rufe, a kai wa masu garaj. Kada a zubar kusa da rijiya, tabki ko gona, kada kuma a shafa wa mutum ko dabba da sunan magani, domin guba gare shi.

Ƴan uwa da ke waje masu aiko da kayan mota gida, ku nemi lambar shasi da hoton tsohon filtir kafin ku saya. Filtir biyu ko uku na asali da ƴan jwan ba su da nauyi a jaka, kuma za su riƙe motar gida shekara guda.