Faifan roba a ƙashin baya: Matsalolin da ka iya biyo bayan dashensa

Tsakanin kowace gaɓa biyu ta ƙashin baya akwai wani faifan guringuntsi da ke aiki tamkar matashi, yana rage gogayya da ɗaukar nauyin jiki. Idan na ƙugu ya zaizaye, mutum kan yi fama da ciwon da ke hana shi sunkuyawa ko daɗewa a zaune.

Idan magani da gashi suka gaza, likitoci kan cire faifan su haɗe gaɓoɓin biyu su zama ƙashi ɗaya. Wata hanyar kuma ita ce dasa faifan roba domin wurin ya ci gaba da motsi. Masu fita neman magani daga Najeriya da Nijar zuwa Jidda ko Alƙahira ko Indiya na iya cin karo da wannan zaɓi.

Daga ina dashen ya samo asali?

A shekarun 1960 wani likita ɗan Suwidin, Ulf Fernström, ya riƙa dasa ƙwallon ƙarfe a gurbin faifan, amma ƙwallon yakan nutse cikin ƙashi.

Na zamani ya fito ne daga asibitin Charité da ke Balin ta Gabas, inda Kurt Schellnack da Karin Büttner-Janz suka ƙera shi, aka fara dasawa a 1984. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004, sai ProDisc-L a 2006, sannan activL a 2015. Daga baya an daina sayar da samfurin Charité.

Akasarinsu faranti biyu ne na ƙarfe da roba mai tauri a tsakiya, kuma ta ciki ake bi a dasa su.

Waɗanne matsaloli ake samu?

Ta farko ita ce nutsewa, wato farantin ya lotsa cikin ƙashi. Hakan ya fi faruwa idan faifan ya yi wa gurbin ƙanƙanta ko ƙashin ba shi da ƙwari.

Ta biyu ita ce gocewa. Faifan, ko robar tsakiyarsa, na iya zamewa gaba wajen manyan jijiyoyin jini, ko baya ya danne jijiyoyin da ke sauka ƙafafu.

Ta uku ita ce zaizayewa. Shekara da shekaru na gogayya kan sa robar ta riƙa zubar da ɓurɓushi, wanda ke jawo kumburi, ƙashin da ke riƙe da faifan ya ci, har ya yi sako-sako.

Akwai kuma lalacewar ƙananan mahaɗan da ke bayan gaɓoɓin idan faifan bai zauna daidai ba. Wani lokaci sabon ƙashi kan tsiro ya kewaye shi, ya hana motsin da aka yi tiyatar dominsa.

Me ya sa gyaran ke da wuya?

Tiyatar farko kan bar tabo a kewayen manyan jijiyoyin jini, don haka sake bi ta ciki na da haɗarin zubar jini mai yawa. Shi ya sa sau da yawa likitoci kan bar faifan a wurinsa, su bi ta baya su ɗaure gaɓoɓin da kusoshi da sandunan ƙarfe.

Me ya kamata majinyaci ya sani?

Ba kowane mai ciwon baya ne dashen ya dace da shi ba. Ba a yi wa mai raunin ƙashi, ko wanda gaɓarsa ta riga ta zame, ko wanda mahaɗan bayansa suka lalace sosai.

Wanda aka yi wa a waje yana buƙatar dawowa da sunan faifan da girmansa da hotunan da aka ɗauka bayan tiyata. Da su ne likitan da zai ci gaba da duba shi, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ko wani wuri, zai gane ko faifan ya motsa.

Dawowar ciwo mai tsanani, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, alamu ne na a garzaya asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.