Laburaren Likitanci na Jami'ar Bayero

Laburaren Likitanci na Jami'ar Bayero reshe ne na babban laburaren jami'ar, yana cikin harabar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya a birnin Kano. An kafa asibitin a shekarar 1988, kuma a nan ne ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya suke koyon duba marasa lafiya.

Masu amfani da shi

Ɗaliban likitanci da malamansu, da likitoci masu neman ƙwarewa, su ne suka fi zuwa karatu da bincike.

Littattafai da mujallu

Littafin likitanci yakan tsufa da wuri, domin hanyoyin magani suna sauyawa, mujallun ƙasashen waje kuma da dala ake biyan kuɗinsu. Don haka irin waɗannan laburare a Najeriya suna dogara da intanet. PubMed na Amurka kyauta ne tun 1997, amma galibi taƙaitaccen bayanin bincike yake bayarwa. Shirin HINARI, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002, shi ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa cikakkun maƙaloli kyauta ko da rahusa.