Ginin Takarda: Daga Zanen Hannu Zuwa Kwamfuta

Ginin takarda shi ne ɗan ƙaramin kwatancin gini da ake yankawa daga takarda mai kauri, a ninke, a manna da gam har ya tsaya da kansa. Wannan sana'a ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1525 wani mai zane Bajamushe, Albrecht Dürer, ya buga littafi a birnin Nuremberg. A ciki ya nuna yadda ake warware siffa mai fuskoki da yawa a shimfiɗa ta, kamar yadda ake buɗe kwalin sukari. Wannan dabara ita ce tushen aikin har yau.

A ƙarni na 19 maɗaba'u suka mai da abin kasuwanci. Maɗaba'ar Pellerin ta garin Épinal a Faransa da ta Schreiber ta Esslingen a Jamus sun riƙa buga takardun majami'u da fadoji, yara suna saya suna haɗawa. A lokacin mai zane ne ke auna kowane bango, ya lissafa kowace kusurwa da hannu. In ya yi kuskure kaɗan, rufi ba zai zauna a kan bango ba.

Kwamfuta ta ɗauke wannan wahala. Yanzu na'urar lesa kan auna gini ta tara miliyoyin ɗigogi, a haɗa su su zama siffar ginin a cikin kwamfuta. Daga nan manhaja irin su Pepakura ta ƙasar Japan za ta warware siffar, ta sa wa gefuna lambobi, ta bar wurin shafa gam. In an zaɓi ma'aunin 1:100, mita ɗaya ta ginin za ta koma santimita ɗaya.

Sai dai takarda tana da nata hali. Tana lanƙwasuwa ta gefe ɗaya, amma ba ta yin ƙoƙo sai ta yamutse. Don haka dole a rage fuskokin siffar ƙwarai kafin a buga. Ginin dutse mai miƙaƙƙen bango ba ya asara sosai. Ginin laka kuwa labarinsa dabam ne.

Babban Masallacin Jenne da ke Mali misali ne. An sake gina shi a 1907, kuma masanan shirin Zamani na Jami'ar Cape Town sun auna shi da lesa. Bangonsa ba miƙaƙƙe ba ne, ga itatuwan giginya da suka leƙo daga jikinsa. Mai haɗa shi da takarda dole ya zaɓi abin da zai bari da wanda zai zubar. Bugu da ƙari, mutanen gari sukan taru su yi masa yaɓe bayan ruwan sama ya zaizaye shi, siffarsa ta ɗan sauya. Ke nan kowane awo hoton lokaci guda ne kawai. Shi ya sa ya kamata a rubuta shekarar awo a gindin kowane ginin takarda.