Ƙaurar Tsirrai da Makomar Dausayin Haɗeja-Nguru

A 1980 aka gano sauran tsirrai biyu na wata bishiya a gefen wani dutse mai tsayi a tsibirin Sant Helena, bayan an shafe fiye da shekara ɗari ana ɗauka ta ƙare. Da igiya aka zura mutum ya yanko rassanta, kuma daga waɗannan rassa aka raino dubban 'ya'ya. Labarai irin wannan suka sa masana ilimin tsirrai suka rungumi dabarar ɗauke tsiron da ke bakin halaka daga mazauninsa, a kai shi lambun bincike ko ma'adanar iri. A kan wannan tunani aka buɗe babbar ma'adanar iri ta Kew a Ingila a 2000, da rumbun Svalbard na ƙasar Norway a 2008. Tambayar da wannan maƙala take yi ita ce: ina iyakar amfanin wannan dabara a dausayin da ya shimfiɗu tsakanin Haɗeja, Nguru da Gashuwa?

Kwatanta dausayin da tsibiri bai yi nisa ba kamar yadda za a zata. Tsibiri a idon masanin halittu shi ne duk wani mazauni da abin da ya kewaye shi ba ya rayuwa da irin tsirransa. Dausayin nan danshi ne a tsakiyar ƙasar rairayi mai ƙarancin ruwan sama. Giyayya da gabaruwa da bado da burugu da shinkafar daji da ke cikinsa ba su da wurin gudu, domin tafiya kaɗan arewa da Nguru tudun yashi ne. Sai dai a faɗi gaskiya: akasarin waɗannan tsirrai ba su kai ga ƙarewa a duniya ba, ana samunsu daga Senegal har Sudan. Abin da ke salwanta shi ne kurmin da ke wannan wuri, da nau'o'in da suka saba da ruwansa da ƙasarsa, da irin shinkafar gargajiya da manoman Bade da Hausawa da Barebari suka daɗe suna zaɓa. Wannan asara ce ta gaske, ko da sunan tsiron bai shiga jerin masu ɓacewa ba.

Dalilin asarar sananne ne. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukkansu a sama da Haɗeja. Kafin su, kogi yana cika da damina, ya malala kan fadama, sannan ya janye da rani ƙasa ta bushe. Bayan su, ambaliyar shekara ta ragu ƙwarai, ga kuma fari na shekarun 1970 da 1980. Amma illar da ta fi wuyar ganewa ita ce ruwan da ake saki ba yankewa har da rani. Wannan ruwa marar tsayawa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta toshe tsohuwar hanyar kogin Haɗeja da mashigar Burum Gana, ruwa ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru. Sai aka wayi gari gefe guda yana nutse shekara zagaye, ɗaya gefen yana ƙishi.

A nan ne dabarar ƙaura take cin karo da bango. Dubi giyayya: a jikinta za ka ga zanen laka da ke nuna inda ruwa ya tsaya a damina, da rani kuma gindinta a busasshiyar ƙasa mai tsagewa, awaki suna kwance a inuwarta. Tana buƙatar ruwan, tana kuma buƙatar tafiyarsa. Haka manomin shinkafar fadama: yana shuka da ruwan sama, shinkafa ta kafu, sannan ambaliya ta iso a hankali, kara yana tsawo yana bin ruwa. In ruwan ya riga lokacinsa ya cinye shuka. In bai zo ba ta ƙone. Mazaunin waɗannan tsirrai ba fili ba ne kawai, har da wannan zuwa da komawar ruwa. Ana iya ɗaukar iri a kwalba a kai Ibadan, amma ba a ɗaukar ambaliya.

Tsibiran teku ma sun koyar da haka. Bishiyar toromiro ta tsibirin Rapa Nui ta tsira ne saboda irin da mai bincike Thor Heyerdahl ya ɗebo a tsakiyar shekarun 1950, aka raine shi a lambun Gothenburg na Suwidin. Bishiyar tana raye a lambuna har yau, amma yunƙurin mayar da ita gida ya sha faɗuwa, domin ƙasar da ta baro ta sauya. Zaitun na Sant Helena kuwa, wanda daban yake da bishiyar da aka gano a 1980, bai ma samu wannan sa'ar ba: na ƙarshe a daji ya mutu a 1994, na ƙarshe a hannun masu reno ya bi shi a 2003.

Wannan ba hujja ba ce ta barin tattara iri. Manomi ba ya ƙin ajiye iri a rumbu don gonarsa tana cikin rigima. Amma ya san rumbu ba gona ba ne. Nijeriya tana da cibiyar adana iri ta ƙasa, NACGRAB, da cibiyar IITA, dukkansu a Ibadan, kuma ya kamata irin shinkafar Bade da danginta na daji su samu gurbi a can. Na fi ganin hikima, duk da haka, a ƙaura ta kusa: gandun reno a Gashuwa ko Nguru, inda Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, za ta haɗa hannu da ma'aikatan Gandun Dajin Tafkin Cadi da ke kula da yankin Dagona na dausayin, a riƙa dasa giyayya da gabaruwa daga wuraren da suka nutse zuwa inda ruwa yake zuwa ya koma. Goruba kuma ba ƙaura take nema ba. Masu saƙar tabarma da faifai da igiya suna yankar kaba tun tana ƙarama, ba ta samun damar miƙewa ta zama bishiya. Yarjejeniya da masu sana'ar a kan wuraren da za a huta wa yanka ta fi kowane lambu amfani, kuma ba ta raba kowa da abincinsa.

Babban aikin dai yana bakin madatsun ruwa. Tun farkon shekarun 1990, binciken Edward Barbier da abokan aikinsa ya nuna cewa ruwan da ya malala a fadamar nan yana samar da amfanin noma da kifi da itace fiye da irin wannan adadin in an tura shi aikin noman rani na kogin Kano. An sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2000, wuri na farko a Nijeriya. A 2006 jihohi shida da ke raba wannan ruwa suka zauna a Damaturu suka amince da asusun kula da kogin. Abin da ya rage shi ne a saki ruwa da yawa a damina, a ƙuntata shi da rani don kacala ta bushe a ƙone ta, a kuma ci gaba da yashe mashigai. Ya kamata kuma a auna shirin madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are da wannan ma'auni, domin wannan kogi, wanda har yanzu ba a datse shi da babbar madatsa ba, shi ne ke kawo mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa.